Markar da Aka Ƙi Buɗe Rufewa

Kwanakin nan ba mu ga rana ba a Kaura. Yayyafi ne siriri yake sauka, ya ɗauke, ya dawo, tufafin da aka shanya a gidan ɗana har sun fara warin danshi. Ga rediyo kuma ta koma maganar manyan ƙasashe masu makaman nukiliya, wannan yana yi wa wancan barazana. Abu biyun nan sun taɓa haɗuwa mini sau ɗaya, a ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, a wata damina lokacin jiharmu tana sabuwa, mutane suna ta maganar shari'ar da aka ce za a ƙaddamar idan kaka ta yi.

A lokacin ban daɗe da dawowa gida ba. Na bar ƙauye ina saurayi, na hau jirgin ƙasa a nan Kaura, na yi Legas, na yi Abidjan, na yi Sudan, daga ƙarshe na zauna a gabashin Saudiyya ina tuƙa tankar ruwa. A hanya na tsinci Turanci da Faransanci da Larabci, da ɗan Urdu daga abokan aikina 'yan Pakistan. Fulatanci kuwa tun ina yaro na iya. Da na dawo ban zo da abin kirki ba: rediyo babba mai kama tashoshi masu nisa, da farin yadi guda biyu da na wanke da ruwan zamzam, ɗaya na yayana Bawa, ɗaya na matarsa Tumba, domin likkafani. Bawa ya karɓi nasa ya yi addu'a. Tumba, wadda tun ina yaro muke wasa da ita irin na matar wa da ƙanin miji, ta juya nata ta ce mazan wasu suna dawowa daga Makka da zannuwa da haƙorin zinariya, ita nata ƙaramin mijin kabari ya kawo mata tsaraba. Duk da haka ta naɗe shi da kyau ta sa a ƙasan akwatinta.

Bawa ne ke riƙe da gandun gidanmu tun rasuwar babanmu. Mutum ne gajere, maras yawan magana, wanda bai taɓa wuce kasuwar Shinkafi ba. A tsakar gida akwai rumbun kara guda biyu, da rufewa ɗaya ta laka, babba, mai hular ciyawa, wadda kakanmu ya gina. Tsarin gidan a bayyane yake ga kowa. Da kaka ana zaɓar dammunan geron da suka fi ido a jera a rufewa, a liƙe bakinta da laka. Ana ci daga rumbunan kara da rani da bazara har zuwa noman firi, wato noman farko. Rufewa ba a taɓa ta sai gero ya yi ciki a gona, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai zo ba, aiki kuma ya fi yawa. Maigida kaɗai ke cewa a fasa lakar. Mace ba ta leƙa ciki, ba ta ma tambayar abin da ya rage. Na ga rumbuna a ƙasashe da dama, na ƙarfe da na siminti da na ramin ƙasa, amma ban ga inda makulli yake bakin mutum ɗaya ba kamar namu.

Da ruwa ya sauka a shekarar nan, Indiya da Pakistan suna faɗa a kan wasu duwatsu da ke tsakaninsu, kuma dukansu ba su daɗe da gwada bam ɗin nukiliya ba. Bayan la'asar nakan fito da rediyo gindin tsamiyar ƙofar masallaci, in murɗa daga wannan harshe zuwa wancan, in gaya wa mutane abin da na ji. Larabawa suna faɗin labarin da juyayi, Faransawa suna faɗinsa kamar lissafi, masu Urdu kuwa kowane ɓangare yana cika baki. Wata rana wata tashar Turanci ta kawo wani masani ya yi bayanin abin da zai biyo baya idan manyan ƙasashe suka yi yaƙi da waɗannan makamai. Na fassara yadda na fahimta.

Wutar bam ɗin da gubarsa, na ce musu, ta waɗanda ke kusa ce. Abin da zai iso wurin irinmu hayaƙi ne. Idan birane masu yawa suka ƙone lokaci guda, da gidajensu da man fetur ɗinsu da robobinsu, baƙin hayaƙin zai tashi sama ya wuce gajimare, ya kai inda ruwan sama ba ya wanke shi. Rana za ta dinga ɗumama shi yana ƙara hawa, iska ta shimfiɗa shi bisa duniya duka. Hasken rana zai ragu, ƙasa ta yi sanyi, teku ya rage fitar da tururin da ke zama hadari, damina ta gajarce ko ta ƙi zuwa. Kuma ba shekara ɗaya ba. Idan hayaƙin ya washe ma, wata kariya da ke can sama mai tace zafin rana za ta riga ta lalace, rana ta dinga ƙona ganye da fatar mutum. Masanin ya ce waɗanda yunwa za ta kashe a ƙasashen da ba su harba ko tsinke ba za su fi waɗanda wutar ta kashe.

Mutane suka yi salati, wasu suka yi dariya. Wani ya ce Bature bai taɓa noma gero ba, ina ya san damina. Sai na ba su labarin abin da na gani da idona, a shekarar da aka kunna wa rijiyoyin man Kuwait wuta, ina aiki kusa da kan iyaka. Da azahar nakan kunna fitilar mota. Rana tana sama kamar tsohon faranti, kana iya kallonta ido da ido. A watan da aka saba zufa ta jiƙe riga, sai ga mu muna neman bargo. Tsuntsaye suka rikice suna komawa sheƙa da rana tsaka. Da aka yi ruwa, baƙi ya sauka, mai maiƙo. Fararen jallabiyoyin da aka shanya suka koma kamar an goge tukunya da su, tumakin Larabawan daji suka yi baƙi har fuska. Wannan rijiyoyi ne kawai na ƙasa ɗaya ƙarama, hayaƙinsu ma bai hau can sama sosai ba.

Nan dariya ta ɗauke.  Sai da muke komawa gida Bawa ya tambaye ni, idan hayaƙin ya hau inda ruwa bai kai, me ke sauko da shi. Na ce nauyinsa, a hankali. Ya tambayi shekara nawa. Na ce masanan ma sun saɓa, amma sun ce shekaru. Ya gyaɗa kai. Labarin baƙin ruwan kuwa kafin magariba ya shiga cikin gidaje, mata suna maimaita shi a bakin turmi.

Damina ta fara da kyau. Muka yi shuka, muka yi firi, gero ya rufe ƙasa. Faɗan duwatsun ya lafa, rediyo ta koma wasu labarai, na kuma faɗa a majalisa cewa an janye. Ana cikin maimai, wato noma na biyu, marka ta kama.

Marka ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kowace shekara takan yi 'yan kwanakinta ta wuce. Ta shekarar nan ta zo ta zauna. Sama ta zama toka daga wannan gefe zuwa wancan, ba tsawa, ba walƙiya, ba iska, sai ruwa siriri da ba ya jin kunya. Liman yana kiran azahar da ƙiyasi, don babu inuwar da za a auna. Katangun laka suka sha ruwa suka fara zubewa a hankali, da dare ko da rana sai ka ji tim a wani gida. Itace ya ƙi kamawa, mata suna hura wuta har idanunsu su yi ja, hayaƙi ya ƙi tashi, ya kwanta a tsakar gida. Gishiri ya narke a ƙoƙo, ashana ta mutu, tabarmi suka yi fumfuna. Da safe tsofaffi suna lulluɓe da gwado kamar ba damina ba. Gulbi ya cika ya raba mu da hanyar Zurmi, 'yan acaɓa suka daina zuwa. Batirin rediyona ya fara sanyi, muryoyin suna zuwa suna ɓacewa, har wata rana suka ɓace gaba ɗaya.

Ban san wanda ya fara cewa hayaƙin Indiya ne ya iso ba. Na dai ji ana faɗa a bakin rijiya, na ji a gona. Aka ce an yi yaƙin an ɓoye wa talakawa. Aka ce shirun da rediyon Alhaji Isa ya yi shi ne shaida, masu maganar ne suka mutu. Na ce batir ne, aka ce to.

Gero ya yi ciki, rumbun kara na biyu ya kai ƙasa. Yaran gidan suka fara zagaya rufewa, don ranar fasa laka rana ce ta fura mai kauri. Bawa bai ce a kawo tsani ba. Abin da ya yi shi ne ya share gindin rumbu, ya tattara ragowar dawa da tsakuwarta, ya raba awon da yake ba Tumba biyu. Bayan 'yan kwanaki ya sake raba shi.

Yunwar damina tana da tsarinta, na kuma ga ta bambanta da yunwar da na gani a birane. A birni mai yunwa yana zaune. A ƙauye mai yunwa yana duƙe da fartanya, ko'ina kore shar, abinci yana tsaye a gabansa bai nuna ba. Da sassafe ana ba mu kunu mai ruwa wanda kana iya ganin gindin ƙwarya. Mu fita gandu, ni da Bawa da ɗansa na fari Lawali da ƙannensa, ƙasa tana manne wa fartanya, ciyawar da muka nome jiya ta sake kama ƙasa saboda babu ranar da za ta busar da ita. Mata suna fita da kwanduna su tsinko tafasa da rama da yaɗiya da zogale, a dafa a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Wannan shi ne na rana. Da yamma tuwon dawa mai yawan dusa, malmala ɗaya tsakanin mutum biyu. Bakinmu ya yi ɗaci da ganye. Lawali, wanda yake nome kunya biyu kafin in nome ɗaya, ya fara tsayawa tsakiyar kunya yana dafa ƙugu. Na lura ba wanda ke waƙa a gona. Ba wanda ya yi ƙorafi kuma, don Bawa yana cin abin da muke ci, har ya fi mu ragewa.

Wadda abin ya fi taɓawa ita ce Rabi, matar Lawali. Ta haihu da farkon damina, ɗa namiji, tana cikin wankan jego. Mai jego a wurinmu ana ciyar da ita da kunun kanwa na gero mai kauri, safe da yamma, shi ke kawo nono. Rabi tana shan ruwan dawa tana cin tafasa kamar kowa. Ruwan wankan ma da ƙyar yake tafasa da jiƙaƙƙen itace. Nono ya fara janyewa. Jaririn da farko yana kuka har maƙwabta su ji, daga baya kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa, maɗigarsa ta faɗa. Rabi ba ta iya magana gaban surukinta. Lawali ba ya iya ɗaga ido ya kalli ubansa a kan maganar rumbu. Tumba kuwa ko sunan Lawali ba ta faɗa, don ɗan fari ne, balle ta nuna damuwa da ɗansa a fili. Sai dai ta bi ta hanyar wasan kaka da jika. Takan ɗauki jaririn ta ce wannan sabon mijin nata ya fi tsohon rowa, ko kuka ba ya iya yi mata da ƙarfi.

Ni ta tare a bakin madafa wata rana ina shigowa. Ta ce tunda bakina mai harsuna shida ne ya rufe rufewa, in nemo harshe na bakwai in buɗe ta. In kuwa na kasa, ta ce, da zarar shari'ar nan ta zo ita ce za ta fara shiga gaban alƙali, da ni da yayana za ta kai, a yi mana bulala a jere. Tana dariya tana faɗa, amma ba ta ba ni hanya ba sai da na ce zan yi masa magana.

Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaya masa an daina faɗan tun kafin marka, da kunnena na ji a harsuna huɗu. Na ce wannan gajimare ne, ba hayaƙi ba, kuma abin da masanin ya faɗa rashin ruwa ne, mu kuwa ruwa ne ya yi mana yawa. Ya saurara har na gama.

"Ran da rana ta ɓace muku can, wa ya zo ya hwaɗa muku tun da wuri?"

Na ce ba kowa, tashi muka yi muka gani.

"To."

Ya ci gaba da fiƙe ƙota. Can ya ce shi ya ga fari biyu manya, ɗaya yana saurayi, ɗaya ina can ƙasashen mutane. Duk biyun gidajen da suka buɗe rumbu da wuri su suka cinye har iri, su ne kuma suka watse. A na biyun shi ya binne 'ya'ya biyu, ƙannen Lawali, ni kuma saƙo kawai aka aiko mini. Ya ce in rana ta fito gobe, ba abin da ya rasa sai ƙiba. In ba ta fito ba shekara uku, abin da ke cikin lakar nan shi ne gidan. Na ce jaririn ba zai jira shekara uku ba. Ya ce ya sani. Bai ɗago kai ba.

Liman ma ya zo, da roƙon Tumba ta bakin matarsa. Ya yi masa nasiha cewa ciyar da iyali wajibi ne, hana su abin da ke akwai saboda tsoron abin da bai zo ba rauni ne na tawakkali. Bawa ya ce shi ba malami ba ne, amma ya ji a wa'azi cewa Annabi Yusufu ya ajiye hatsi a zangarniyarsa shekara da shekaru tun yunwa ba ta zo ba, kuma mafarki kawai aka gaya masa. Liman ya ce ai shi Annabi ne. Bawa ya ce shi ya sa yake koyi da shi. Liman ya yi addu'a ya tafi.

Abin da ya biyo baya ya faru ne da hantsi, muna gona. Na riga su dawowa saboda ƙafata ta kumbura. Da na shiga gida sai na tarar Tumba ta ɗaura igiya daga gindin rufewa zuwa madafa, ta shanya farin yadin nan da na kawo mata, a buɗe, tsawonsa duka, yayyafi yana sauka a kansa. Ba wanda zai ga wannan yadi bai gane shi ba. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta saman danga ta gani, ta san halin da jaririn Rabi yake ciki, ta koma tana salati. Kafin in tambayi Tumba abin da take nufi, magana ta fita gari. Na ce mata mutane za su ce an yi rasuwa. Ta ce ita wanki take shanya, ba ta aiki kowa ba.

Daga baya Lawali ya gaya mini yadda aka yi. Suna kan hanyar dawowa wani dattijo ya tare su, ya kama hannun Bawa ya yi masa gaisuwar rashi, ya tambaya ko kafin azahar za a kai. Bawa bai tambayi wa ya rasu ba. Ya miƙa wa Lawali fartanyarsa ya yi gaba. Lawali ya ce bai taɓa ganin ubansa yana gudu ba sai ran nan.

Ya shigo tsakar gida da laka har gwiwa, ya ga yadin, ya tsaya. Daga ɗakin Rabi aka ji ɗan siririn kukan nan. Ya juya ya kalli ƙofar ɗakin, ya daɗe yana kallo. Tumba tana zaune a bakin madafa tana tsinke tafasa, ba ta tashi ba.

"Malam, ƙaninka ya ce ruwan hayaƙi baƙi ne, shina ɓata hwarin kaya. Tun sahe wanga ke cikin ruwa. Ka duba. In ya yi baƙi, ka bar rumbunka a liƙe, ni kuma in yanke wa mijina ƙarami nashi daga jiki, ya ishe mu mu biyu."

Bawa ya matsa ya kama gefen yadin. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗaga shi sama, ya kai hanci ya sansana, ya matse ruwan a tafin hannu ya duba. Fari ne tas, ruwan kuma ruwa ne. Sai ya juyo wurina.

"Isa, haka kac ce?"

Na san gwajin Tumba bai gwada komai ba. Baƙin ruwa na wanda yake kusa da wutar ne. Hayaƙin da ya tsorata Bawa shi ne wanda ya hau sama da gajimare, ana iya shekaru a ƙarƙashinsa ruwan da ke sauka yana fari. Bawa ma ya sani, don a kan wannan ya yi mini tambaya ran da muke dawowa daga gindin tsamiya, kuma shi ba ya mantuwa. Na ce masa wanda na gani da idona baƙi ne. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma gaskiya ne.

Ya kalle ni, na kalle shi. Ya saki yadin ya ce wa Lawali ya kawo tsani.

Shi da kansa ya hau, ya ture hular ciyawar, ya fasa lakar da gindin gatari. Ƙamshin tsohon gero ya fito, busasshe, mai ɗumi, irin ƙamshin da muka manta da shi a cikin wannan danshi. Damin farko da ya jefo ya ce na mai jego ne, kada kowa ya taɓa. Na biyu na gida. Sannan ya daɗe a ciki, muna jin motsinsa, ya fito da zangarniyoyi zaɓaɓɓu cike da hannu, ya sa aka kawo tulu, ya jera su da toka, ya liƙe bakin da sauran lakar da ya fasa, ya kai ɗakinsa. Wannan iri ne, ya ce, ko shi ya mutu kada a buɗe sai an ga rana ta ƙi fitowa. Mata suka yi sussuka a cikin zaure saboda ruwa, ƙarar taɓarya ta cika unguwa, masu zuwa gaisuwar rashi suka tarar ana surfe. Tumba ta ba kowa haƙuri ta ce ita ba ta san me suka gani ba.

Rana ba ta fito ran nan ba, ba ta fito washegari ba. Marka ta ci gaba har mutane suka daina ƙirga. Rabi tana shan kunun kanwa, nono ya dawo a hankali, kukan jaririn ya yi ƙarfi har Tumba ta fara ƙorafin mijin nata ya hana ta barci. Ranar da gari ya washe kuwa, ba wanda ya yi wani biki. Aka fito da tabarmi da gwaduna aka baza a kan danga, ƙasa tana tururi, muka tafi gona. Geron ya sha wuya, bununinsa ya wanke da ruwa, zangarniya da yawa ba su cika ido ba, dawa ta kamu da ciwon burtuntuna a fadama. Mun samu abin da ya kai mu, bai kai ya cika rufewa ba. Da gulbi ya janye na tafi Zurmi na sayo batir. Duniya tana nan yadda na bar ta, ana ta jayayya a kan shari'ar Zamfara a harsunan da na sani duka.

Bawa bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Amma kowace kaka yakan fasa lakar bakin tulun nan, ya fitar da tsohon iri ya sa sabo, ya liƙe. Har ya rasu yana yi. Sau ɗaya ya tambaye ni ko makaman nan an rage su. Na ce an ce an rage, amma abin da ya saura ya isa. Ya ce to.

Yanzu rufewar ta rushe, ba a zaune a gidan. Gonakin da ke nesa da gari ba kowa ke iya zuwa ba saboda 'yan bindiga, yawancinmu mun dawo Kaura. Hatsi a buhu yake zuwa daga Kasuwar Daji, da ƙwayar magani a ciki saboda ƙwari, a jingine shi a lungun ɗaki inda kowace mace ke ganin iyakarsa. Ban san gidan da ke da abincin shekara biyu ba. Jaririn nan shi ne ke kawo mana buhun a bayan babur, ƙato ne, yana da 'ya'yansa. Bai san labarin ba sai abin da ya ji ana tsokanarsa da shi, wai an taɓa yi wa kakansa gaisuwarsa.

Tumba ta riga Bawa tafiya. Matan da suka yi mata wanka sun ce da suka warware yadin sun ga layi ja-ja a tsakiyarsa, tun daga wannan baki har wancan, shatin igiyar da ta shanya shi a kai. Wata ta ce a nemo wani, ɗiyarta ta ce a'a, da shi ta ce a sa ta.

Ɗazu surukata ta leƙo ta tambaye ni ko ta kwashe shanya, tunda ruwan ba shi da niyyar ɗaukewa. Farar rigata tana cikin kayan, tun jiya take kan igiya. Na tashi na je na kama gefenta na murza, na ɗaga na duba. Fara ce. Na san abin da hakan yake nunawa da abin da ba ya nunawa. Na ce mata ta kwashe, ta ɗora mana kunu.